Gayyar da Na Kai Gonar Sitiroberi

Jikokina sun ɗauka ban taɓa wuce Kaduna ba. Ba laifinsu ba ne, ni ce ba na ba da labarin Ingila, don duk wanda ya ji ka je can sai ya gyara zama yana jiran ka ba shi labarin dusar ƙanƙara da jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Na ga duka biyun, ba su tsaya mini a rai ba. Abin da ya tsaya mini gona ce, da wuni guda da na yi a sunkuye a cikinta.

Sunana Rahila. A ƙarshen shekarun alif ɗari tara da saba'in asibitin mishan da nake aiki a wajen Malumfashi ya tura ni Ingila karatun ungozoma. Babana manomin auduga da dawa ne a wani ƙauye kan hanyar Funtua. Da dattawan ikilisiyarmu suka ce ba a tura 'ya mace bayan teku ita kaɗai, shi ya miƙe ya ce musu, "Ku bar ta ta je. Idan ta dawo da takardar, matanku da 'ya'yanku za ta karɓa wa haihuwa." Takardar nan ita na je nema, kuma saura kaɗan na dawo ba ita.

Zangon farko wani gari ne kudu da Landan, inda asibitin da zan yi karatun yake. An ba ni ɗaki a masaukin ma'aikatan jinya, gado ɗaya, kujera ɗaya, taga mai kallon bango. Watannin farko na yi su ne ina gaishe da mutanen da ba su nemi gaisuwa ba. In ce wa mace ina kwana, in tambayi mutanen gidanta, sai ta kalle ni kamar na nemi ta ara mini zane. Daga baya na koyi irin tasu, a ɗaga kai kaɗan a wuce. Akwai masu naƙudar da suka ce ba sa son baƙin hannu ya taɓa su. Ban yi fushi ba, sai in koma gefe in jira, don na san naƙuda idan ta kai inda za ta kai ba ta tambayar launin hannu. Akwai kuma wata mai wanke kwanuka a kicin da ta lura ina tura abinci gefe, ta riƙa ajiye mini ɗan garin barkono a takarda. Ban san sunanta ba har na baro.

Ɗan ƙasarmu da na sani a duk faɗin wurin shi ne Bulus, mutumin Funtua, yana karatun lissafi a Landan. Mutum ne mai fara'a da yawan magana, irin wanda zai kira ka ɗan'uwa tun kafin ya tambayi sunanka. Da zai je gida hutun Ista, na tara abin da na tara na sayi bargo mai kauri, ruwan toka, na ba shi ya kai wa Baba, don Baba mutum ne mai jin sanyin asuba. Da ya dawo na tambaye shi a waya, ya ce, "Ƙanwata, hannu da hannu na ba shi. Sai sa miki albarka yake yi."

Bayan 'yan makonni ya gayyace ni in zo in ga amaryarsa Hannatu, wadda ya taho da ita daga gida. Na hau jirgin ƙasa da murna, don na daɗe ban ji Hausa daga bakin mace ba. Bulus ya fita sayen wani abu lokacin da na isa. Hannatu ta buɗe mini ƙofa, ta zaunar da ni, sannan ta durƙusa a gabana yadda ake yi, ta sunkuyar da kai.

"Yaya Rahila, ya muka ji da haƙuri?"

"Haƙurin me?"

Ta ɗago. Na ga fuskarta ta canza, ta sa hannu ta rufe bakinta.

"Wayyo Allah. Ba a faɗa miki ba?"

Sanƙarau ne ya ɗauke shi, tun lokacin zafi, kafin ma Bulus ya sauka gida. Ta faɗa mini tana kuka, ni kuwa ina zaune ina kallon kujerar da ke bayanta. Bargon ne a shimfiɗe a kanta, ruwan toka, an ninke shi da kyau. Da Bulus ya shigo ya ga yadda muke, sai ya fara bayani, cewa mutanen gida ne suka roƙe shi ya yi shiru, bargon kuma ya rasa yadda zai yi da shi. Na ce masa ba komai. Na ci tuwon da Hannatu ta tuƙa da garin semo, na yi godiya, na koma tasha. A cikin jirgi na jira kukan ya zo, bai zo ba.

Bai zo washegari ba, bai zo a makon ba. Wani abu ne dabam ya zo, wanda har yau ban san sunansa ba. Ina ji, ina gani, ina amsawa idan an yi mini magana, amma duk abin da ke faruwa kamar a gidan maƙwabta yake faruwa. Ruwan zafi ya zubo mini a hannu, sai da wata ta yi ihu na duba. Na daina sa barkonon, don da shi da babu duk ɗaya.

Ban faɗa wa kowa a asibitin ba. Mutane na mamakin wannan idan na ba da labari, amma duk ɗan wajenmu zai gane. Mai rashi ba ya yawo yana shelar rashinsa. Wasu ke kai labari, shi kuwa a shimfiɗa masa tabarma ya zauna, mutane su zo su same shi. Ni ba wanda zai kai mini labari, ba tabarma, ba mai zuwa. Ban san yadda ake tsayar da Baturiya a baranda a ce mata ubana ya mutu ba. Saboda haka na ci gaba da sa farar rigata ina zuwa aiki.

Aikin ne ya tona ni. Wata rana muna ɗakin haihuwa, jariri ya fito bai yi kuka ba. Na san abin da ake yi, na yi shi ba sau ɗaya ba tun ina gida. Malamar da ke kaina ta ce in miƙo abin zuƙe majina, na ji ta sarai, amma na tsaya kamar an dasa ni, hannuwana a rataye. Ta ture ni ta ɗauka da kanta. Jaririn ya rayu, ba don ni ba.

Shugabar ma'aikatan jinya, wadda muke kira Matiron, ta kira ni ofishinta. Doguwar mace ce mai ƙaramin baki, ba ta ɗaga murya.

"Ba ki da lafiya ne?"

"Lafiyata ƙalau."

"To me ya same ki?"

"Ba komai."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce za ta ba ni hutu in je ƙauye in sha iska, akwai wata tsohuwa 'yar ikilisiya da ke saukar da ɗalibai baƙi. Idan na dawo yadda na tafi, ko ta sake jin wani abu a kaina, ko mene ne, za ta mayar da ni ƙasarmu. Ta ce ba za ta ba da takardar ungozoma ga hannun da ke tsayawa ba. Na ce to. Na san abin da ta faɗa babba ne, amma ko gezau ban ji ba.

Zango na gaba gidan Mis Elsi ne, a wani ƙauye na yankin Kent. Tsohuwa ce mai kirki, kunnenta ya yi nauyi, ba ta taɓa aure ba. Tana magana daga safe har yamma ba ta jiran amsa, wannan kuwa ya yi mini daidai. Ta ba ni labarin kowa a ƙauyen. Da take nuna mini wani gida mai jan rufi ta taga, can bayan itatuwa, ta ce gonar su Kolins ke nan, mai gidan ya mutu a sanyin da ya wuce, ya bar matarsa da ɗa guda da gonar da ta fi ƙarfinsu. Ta ce abin tausayi, sannan ta koma maganar kyanwarta.

Ranar Asabar da safe ta ce in fita in miƙe ƙafa. Na bi wata 'yar hanya ta bayan gida, tsakanin shingayen ƙaya, ban san inda na nufa ba. Hanyar ta kai ni wata kafa a jikin shinge, na leƙa, sai ga gona shimfiɗe, kunya-kunya, da gidan nan mai jan rufi a can ƙarshenta. Gonar cike take da mutane. Maza da mata, tsofaffi da yara, kowa a sunkuye da kwando a hannu, motocinsu a jere a gefe.

Ban yi wani dogon tunani ba. Mai gona ya mutu, amfani ya nuna, ga jama'ar gari sun fito ranar Asabar. A wajenmu wannan sunansa gayya. Idan mutum ya mutu ya bar gwauruwa da gona, ana wayar gari ne a ga mutane da fartanyu a gonarsa, a yi aikin a gama a watse, ba a biyan kowa. Na tsaya a bakin kafar ina cewa a raina, ashe mutanen nan suna da hali, ɓoyewa suke yi. Kuma wanda ya iske gayya ba ya wucewa. Da ta babbar ƙofa na shigo da na ga allon da aka kafa a bakin titi, wanda ke cewa kowa ya zo ya tsinka da hannunsa ya biya. Ni ta baya na shigo.

Sitiroberi suke tsinka. Tsiron yana kwance a ƙasa kamar gyaɗa, an shimfiɗa masa tattaka a ƙarƙashi, 'ya'yan kuwa jajaye ne, girman ƙananan tumatir, kowane da 'yar hular ganye a kansa. Na ɗebi kwanduna daga inda aka tara su. Na duba yadda ake aikin, gaskiya ban yaba ba. Suna tsinka ɗaya su jefa a baki, su tsinka ɗaya su tsaya hira. Wani mai ƙaton ciki ya zauna a tsakiyar kunya yana shan taba. Na ce a raina, da a garinmu ne da an yi musu waƙa.

Can gefe akwai wasu kunyoyi da aka zagaye da igiya, sun fi ko'ina 'ya'ya, ba kowa a cikinsu. A gayya ba a cunkushewa wuri ɗaya, inda ba a kama ba nan ake kamawa. Na tsallake igiyar na sunkuya.

Ni 'yar auduga ce. Tun ban kai tsawon karan dawa ba nake bin Baba tsinka, kuma abu na farko da ake koya wa yaro shi ne kada ganye ko ɓawo ya bi audugar, don idan malamin kasuwa ya sa hannu a buhu ya ga datti, ba za ta ci lamba ɗaya ba. Yatsu uku ake sawa, a zare farar a bar ɓawon a jikin itacen. Haka hannuna ya yi da sitiroberi ba tare da na umarce shi ba. In kama ɗan, in murɗa kaɗan, ya fito tas, hular ta zauna a jikin tsiron. Na ga na sauran mutane duk da ganye da tsinke, na ce aikin ganin dama ke nan.

Na yi ta yi. In cika kwando har da tozo, in ajiye a bakin kunya, in ɗauki wani. Ko ɗaya ban sa a baki ba, amfanin gwauruwa ne. Rana ta ɗago, irin tasu marar ƙarfi, ta tsaya a kan kwandunan. Mutane suna ɗaukar nasu suna nufar wata rumfa kusa da gidan, na hango suna miƙa kuɗi, na ce gudummawar rashi ce. Bayana ya fara ciwo, daga baya ya ƙage, na ji shi, kuma shi ne abu na farko da na ji a jikina tun ranar gidan Bulus. Wani lokaci a tsakiyar wunin ya faɗo mini cewa a gida yanzu damina ta zauna, lokacin noma ne, ciyawa na tashi a gonar Baba. Na ce ai ana can ana yi masa. Na ci gaba da tsinka.

Da la'asar na kai ƙarshen kunyar ƙarshe. Na fara jidar kwandunan zuwa rumfa, biyu-biyu, ina jerawa a ƙasa. Wani saurayi ne a wurin, ja jawur da shi, yana tsaye bayan ma'auni. Shi ne Tom, ɗan mamacin. Da farko murmushi ya yi, ya ce lalle ina da babban gida. Da na ci gaba da kawowa sai murmushin ya ɗauke. Ya ɗauki ɗa guda ya juya shi, ya zuba hannu a kwando, ya ɗago da ruwan ja a yatsunsa.

"Daga ina kika tsinko waɗannan?"

Na nuna masa.

"Cikin igiya? Ba ki ga igiya ba?"

"Na gani. Ba wanda ya kama wurin."

Ya tafi da gudu ya dubo, ya dawo fuskarsa ta ƙara ja. Ashe kunyoyin nan an keɓe su ne don masu kantuna a birni, waɗanda za su zo ɗauka a farkon mako, kuma da su ne gidan ke sa ran tsayawa da ƙafarsa a shekarar. Ashe kuma sitiroberi idan aka cire masa hula ya fara mutuwa ke nan, kafin gobe ya yi laushi ya zubar da ruwa, ba mai kanti da zai karɓa. Na ƙasan kwandunan ma tozon da na yi ya riga ya danne su. Abin da na ɗauka tsafta ce, ɓarna ce. Na share wa gwauruwa mafi kyawun gonarta a wuni ɗaya, da hannu mai sauri.

Ya ce in biya. Na ce ban fito da ko sisi ba, kuma ko na fito da duk abin da na mallaka ba zai kai ba. Mutane suka fara taruwa. Wata ta ce a hankali, amma don in ji, irinsu haka suke. Tom ya ce zai kira 'yan sanda, ya tambayi inda nake aiki. Na faɗa masa sunan asibitin, don ba a koya mini ƙarya ba. Ina faɗa, a raina na ga Matiron a ofishinta da ƙaramin bakinta tana cewa ko mene ne. Na san takardar ta tafi. Na tsaya ina kallon hannuwana, sun yi ja har wuyan hannu, ina jira in ji tsoro, shi ma bai zo ba.

Sai wata mata ta fito daga gidan, gajera, da rigar sanyi ta maza da ta yi mata yawa. Misis Kolins ce. Ta dubi kwandunan, ta dubi ɗanta, ta dube ni. Ni kuwa da na gane ita ce mai rashin, sai jikina ya yi abin da ya sani. Na durƙusa a gabanta a kan tattaka na sunkuyar da kai. Wani ya yi dariya.

"Tashi, yarinya," ta ce. "Me za ki yi da wannan duka?"

"Ba nawa ba ne. Naki ne."

"Nawa?"

"An ce mini maigidanki ya rasu. Na ga mutane a gonarki, na ɗauka sun zo taya ki ne. A ƙasarmu haka ake yi wa wadda mijinta ya mutu. Sai na shigo."

Ba wanda ya ƙara dariya. Ta juya ta kalli mutanen da ke tsaye da kwandunansu da kuɗinsu a hannu, maƙwabtanta ne da yawansu, ɗaya bayan ɗaya suka kawar da kai.

"Tun yaushe kike nan?"

"Tun safe."

"Kin ci wani abu?"

"A'a."

Tom ya fara magana, ta ɗaga masa hannu. Ta ce ba za a kira kowa ba, ya kwashi kwandunan ya kai kicin, ya fito da manyan tukwanen ubansa da duk sukarin da ke gidan.

A kicin ɗin na ƙarasa wunin. Rana a ƙasarsu ba ta saurin faɗuwa a wannan lokacin, haske na nan ta taga muna aiki. Jam muka dafa, wato a zuba 'ya'yan da sukari a tukunya a yi ta juyawa har ya yi kauri, a ɗura a kwalabe. Ta ce ko ba komai na rage mata aikin cire hula. Ban ɗauki wannan da wasa ba, kuma ita ma ba ta yi kamar ba a yi asara ba. Tukwanen ba su ɗauki rabin abin da na tsinko ba. Sauran kuwa, Tom ya loda su a mota ya tafi rabawa, bai kalle ni ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Ita tana juya tata tukunyar, ni ina juya tawa. Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, tun da aka binne mijinta ba wanda ya shigo kicin ɗin nan ya zauna. Maƙwabta sun aiko da furanni da katuna. Idan sun hango ta a titi sai su tsallaka ɗaya gefen, ba don mugunta ba, don ba su san abin da za su ce ba.

"A wajenku me ake cewa?"

"Ba a cewa da yawa. A zo a zauna ne. A ce ya haƙuri, sai a yi shiru."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Gobe a sake zuwa."

Ta sauke tukunyarta, ta goge hannu, ta ja kujera ta zauna tana fuskantata.

"Ke wa kika rasa?"

Ban san ta yaya ta sani ba. Na riƙe muciyar ina kallon jam yana tafasa.

"Babana."

"Yaushe?"

"Tun lokacin zafi. Ban sani ba sai kwanan nan."

Ta janyo ɗaya kujerar kusa da tata, ta dafa ta. Na zauna. Muka zauna haka, ni da Baturiyar da na lalata wa gona, a cikin tururin sukari, har jam ɗin tukunyata ya kama ƙasa muka ji ƙauri, ba wadda ta tashi. Wannan ne zaman makokin Baba da na samu. Ba zan ce na yi kuka ba, don ban yi ba, kukan sai da ya ƙara wata guda ya same ni a ɗakin wanki na asibiti. Abin da na ji a ranar yunwa ce. Ta yanka burodi ta shafa masa jam mai ɗumi, na ci, na ƙara, na ji tsaminsa da zaƙinsa har cikin kunnena.

Sauran kwanakin hutuna kullum sai na je. Tom ya nuna mini yadda ake tsinka da hula da ɗan tsinke, da baƙin rai ya nuna, amma ya nuna. In na gama sai in shiga kicin mu zauna.

Da na koma asibiti na wuce ofishin Matiron kai tsaye, kafin ta kira ni. Na ce mata ubana ya rasu. Ta cire tabarau ta ajiye.

"Me ya hana ki faɗa tun farko?"

"A wajenmu ba mai rashi ke faɗa ba."

Ta ce wannan al'ada ce mai haɗari ga ungozoma, na ce na yarda. Ta mayar da ni ɗakin haihuwa a ƙarƙashin idonta. Hannuna bai sake tsayawa ba. A shekarar da ta biyo na karɓi takardar.

Na sauka gida ana kaka. Motar Funtua ta ajiye ni a bakin hanya, na ƙarasa da ƙafa. Inna ta rame, ta zama ƙarama. Bayan an gama koke-koke da gaishe-gaishe, mutane sun watse, na fito da takardar na ɗora mata a cinya. Ba ta iya karatu ba. Ta shafa ta, ta juya bayanta.

"Ita ce wannan?"

"Ita ce, Inna."

"Shi ya ce kada a faɗa miki sai kin karɓe ta. Ya ce ya san halinki, za ki baro komai ki zo ki riƙe fartanya."

Na ce mata a can na yi ta tunanin gonar, na tambaye ta su wa suka fito gayya a daminar da ya rasu.

Ta ci gaba da shafa takardar.

"Ba a yi ba, Rahila."

"Kamar yaya ba a yi ba? Ai ba a taɓa barin gonar mamaci ba a garin nan."

"Ba a taɓa ba, don Babanki ne ke bi gida-gida da yamma yana cewa gobe a gonar wane. Da ya tafi, kowa ya zauna yana jira a zo a kira shi."

Ciyawa ta cinye shukar a shekarar. A ta biyu Inna ta ba da gonar aro ga wani daga Danja, aron da bai dawo ba. Da yamma na je na tsaya a bakinta. An yi auduga, ta yi kyau, ta fashe fari fat, wasu mata da ban sani ba suna tsinka. Ɗaya ta ɗago ta gaishe ni, ta tambaye ni ko baƙuwa ce ni. Na ce mata e.